Kafin Ki Ba Da Gadonki A Sayo A-Kori-Kura

Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta ce, yau kuma me ya haɗa Malama da zancen mota? To 'yar uwa, ki ɗan yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe. Abin da ya haɗa ni da mota shi ne abin da ya haɗa mata da yawa da ita, wato da kuɗina aka saye ta. Ki duba unguwarku da kyau. A-kori-kura nawa ce take jigilar kaya a kasuwa, wadda in aka bi salsalarta za a tarar da sarƙar wata aka sayar, ko kwasar adashinta ce, ko gadon mahaifinta? Amma ranar da za a je ciniki, mai kuɗin tana ɗaki tana addu'a, ba a tambaye ta komai ba, ita ma ba ta tambayi komai ba. Ni ma haka na yi, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Allah Ya jiƙan mahaifina, da a-kori-kura ya rene mu. Peugeot 404 ce fara, wadda muke ce wa Fijo, yana bin kasuwannin ƙauye da ita yana sayo hatsi. Tun 1975 kamfanin Peugeot yake harhaɗa motoci a Kaduna, saboda haka a zamanin ƙuruciyarmu da wuya ki sami makanikin da bai san cikin Fijo kamar yunwar cikinsa ba. Ina tuna yadda muke rige-rigen hawa bayanta idan an sauke buhuna, muna tsintar masarar da ta zube. Shi ya sa da Allah Ya karɓi ransa a 2018, aka raba gado a shekarar da ta biyo baya, zuciyata ba ta yi nisa ba wajen tunanin abin da zan yi da rabona. A lokacin kamfanin da maigidana yake aiki a Sharaɗa ya rage ma'aikata, har da shi a ciki, ga yara uku, ga albashina na Islamiyya wanda kin san yadda yake. Na ce masa ya sayi a-kori-kura ya riƙa ɗauko hatsi daga Dawanau yana kai wa masu shaguna. Ya yi murna ƙwarai, ya sa mini albarka.

Ba a yi mako biyu ba wani dillali, abokin abokinsa, ya kawo mota har ƙofar gida. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba, domin laifin ba na maƙera ba ne. Da la'asar sakaliya ya zo da ita, an wanke ta fes, fenti sai ɗaukar ido yake, har da sabuwar ledar kujera. Ina leƙe daga soro maƙwabta suna ta sam barka. Na lura tunda ya tsaya bai kashe injin ba, sai da suka gama magana suka zaga unguwa sau ɗaya suka dawo. Na kuma ji yana cewa, "Alhaji, wallahi don kai ne. Akwai wani mutum da ya ce gobe da hantsi zai kawo kuɗi." Tambaya ta zo mini har bakina: in dai motar haka take, me ya sa mai ita yake gaggawar rabuwa da ita a wannan farashi? Sai na haɗiye. Na ce a raina, ina ni ina tsoma baki a harkar maza, kada ya ga kamar don kuɗina ne nake nuna iko. Washegari aka biya naira miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, har da la'adar dillali.

A mako na uku, an loda mata masara ta baro Dawanau, ta ɗauki zafi ta tsaya a titi. Da janwe aka kai ta gareji. Da aka buɗe injin sai ga abin da ake ɓoyewa: gasket ya daɗe da ƙonewa, an zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi. Da makaniki ya shiga ƙarƙashinta kuma, ya ga ƙashin bayan motar, wanda suke kira casis, ya taɓa karyewa an yi masa walda an shafe da baƙin fenti. Ana cikin wannan aka gwada lambar jikin motar da ta takardar kwastan, aka ga ba su zo ɗaya ba. Dillali ya ce shi ɗan aike ne. Mai motar ya daina ɗaga waya. Rasit ɗin da aka ba mu kuwa layi biyu ne, an rubuta an sayar kamar yadda mai saye ya gani. Muka zuba abin da ya rage a gyara, sai ga kullen korona a watan Afrilun 2020. Motar ta zauna a ƙofar gida wata da watanni, yara suna wasan ɓuya a bayanta, awakin maƙwabta suna kwana a ƙarƙashinta.

'Yar uwa, asarar kuɗi da ciwo, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da motar ta yi wa zamanmu. Mutumin da yake zama mu ci abinci tare ana raha, ya koma in ya shigo ba ya iya haɗa ido da ni. Ni kuma na ɗaure bakina, ban taɓa ambaton motar ba, a ganina haƙuri nake yi. Ashe shi a wurinsa shiruna ya fi zagi zafi. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, amma kowa da abin da yake ci masa rai.

Bayan an buɗe makarantu, wata rana ina karantar da ajin matan aure na dare, muka iso babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Na yi musu bayanin haramcin algus da ɓoye aibin haja, da haƙƙin da mai saye yake da shi na mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to in ba shaida, ba rubutu, mai kayan kuma ya gudu, wa zai karɓar wa mutum haƙƙin nan?" Na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. Shekara nawa ina karantar da babin nan, ga shi ranar da ya zo ƙofar gidana ina soro ina leƙe.

A daren na sami maigida na tayar da zancen. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Malama, na cinye miki gadon Baba." Na ce, "Abban yara, ba kai kaɗai ka sayi motar nan ba. Na ga abin tambaya na yi shiru, don haka tare muka saye ta." A nan muka yanke shawarar sayar da ita, mu faɗa wa mai saye duk aibinta har da na takarda. Masu sassaka motoci su sayar da kayan ne suka ɗauke ta, ko rabin kuɗinmu ba mu samu ba. Muka kuma yi alkawarin in Allah Ya hore za mu sake gwadawa, amma wannan karon da idonmu a buɗe.

Akwai wani dattijo da ya yi wa mahaifina yaron mota, daga baya ya zama makaniki a wajen Ƙofar Ruwa, Kawu muke ce masa. Muka je muka gaishe shi, na tafi da littafin da nake rubuta darasi. Da ya ji labari ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, da ina raye a garin nan kuka sayi mota ban sani ba? To ai matambayi ba ya ɓata." Abubuwan da zan faɗa miki yanzu, akasarinsu daga bakinsa na rubuta su, sauran kuma a wata huɗun da muka yi muna neman mota ta biyu na koye su.

Tambayar farko da ya yi mana ba ta shafi mota ba. Cewa ya yi, me za ku ɗauka, kuma wace hanya za ku bi? Irin waɗannan motoci an ƙera yawancinsu ne don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, wato kamar buhu 10 na masara mai kilo 100. Mutanenmu suna ɗora ninki biyu, sannan a zo ana cewa mota ba ta da ƙarko. Idan kayan da yawa ne, gara a tara kuɗi a nemi Canter. Idan kuma ɗan kayan shago ne cikin gari, ƙaramar Hijet ta wadatar, ga ta da sauƙin shan mai. Mai ƙofa huɗu ta fi kyan gani, ana iya ɗaukar iyali a je biki, amma bayanta gajere ne kuma ta fi tsada. Wanda zai nemi abinci da ita, mai ƙofa biyu ta fi masa. Haka nan mai ja da ƙafa huɗu, in ba gona ko hanyar yashi da taɓo za a riƙa shiga ba, ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Ni kaina sai da na danne son zuciyata a nan, don na riga na hango kaina a gidan baya za mu gaishe da Hajiya.

Na biyu, ya ce kada mu sayi motar da makanikin unguwa zai tsaya yana kallonta yana sosa ƙeya. Kafin ma a je ganin mota, maigida ya shiga Ƙofar Ruwa ya tambayi kuɗin kayanta: kulocinta nawa ne, famfon ruwa nawa, sifirin nawa, kuma a shago nawa ake samu? In sai an aika Legas, to duk ranar da ta lalace mako guda za ta yi a kwance, mota kuwa in tana kwance ci take yi ba ta kawowa. Wannan ne ya sa jama'a suke rububin Toyota Hilux, wadda ake ƙerawa tun 1968. Injinta mai shan fetur da ake kira 2TR, mai lita 2.7, irinsa ne a cikin bas-bas ɗin Hiace da suka cika tashoshinmu, don haka kayansa da masu gyaransa ba sa wuya. To amma fa suna yana da tsada, ɓarayi ma sun san darajarta. Kuma suna kaɗai ba ya hana aibi. A 2016 kamfanin Toyota da kansa ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka, a kan tsatsar da ta ci casis ɗin wasu motocinsa irin su Tacoma da Tundra. Akwai kuma Nissan da Isuzu da Mitsubishi L200 da Ford Ranger. Kawu ya ce kowacce aka riƙe ta da kyau za ta yi aiki, kuma tsohuwar da ta sami kulawa ta fi sabuwar da aka wulaƙanta.

Na uku shi ne wanda ya fi zauna mini, domin ya yi daidai da aikina. Duk malamar da take karɓar hadda ta san ba a barin ɗalibi ya zaɓi inda zai karanta. In kika bar shi, shafin da ya kwana yana maimaitawa zai kawo miki, ya zuba kamar ruwa, ki ɗauka mahaddaci ne. Ke za ki buɗe inda kika ga dama ki ce ɗauko daga nan. To motarmu ta farko dillali ne ya zaɓi lokaci, ya zaɓi hanya, ya zo da injin da ɗuminsa. Saboda haka mai saye shi zai sa lokaci, kuma da sassafe, a inda motar ta kwana, kafin kowa ya tayar da ita. A ɗora hannu a kan injin a tabbatar da sanyi. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa: ya yi ta gardama kafin ya tashi, ko ya tashi da ƙwanƙwasa. Wani ya tsaya a baya ya kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin yana cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuma mai ne yake wuce ƙima ba ya ƙonewa daidai. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a duba cikinsa, in aka ga abu kamar kindirmo ya manne, ruwa da mai sun haɗu, a yi sallama a tafi. A leƙa lagireto tun injin yana da sanyi, kada a kuskura a buɗe shi da zafi, a ga ko mai yana yawo a saman ruwan. Injin da aka wanke tas yana ƙyalli shi ma abin tuhuma ne, don wanki yana ɓoye inda mai yake yoyo.

Daga nan sai ƙarƙashi. Kawu ya ce a-kori-kura ba a fuska ake aurenta ba. A kai ta kan rami a gareji, makanikinku ya shiga da tocila ya bi casis daga gaba har baya yana ƙwanƙwasawa, yana neman walda, ko lanƙwasa, ko tsatsar da take ɓarewa. Inji in ya mutu ana saya a sa wani, amma casis in ya karye magana ta ƙare. Motocin da ake kawowa daga ƙasashen sanyi, waɗanda muke ce wa 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, sau da yawa jikinsu lafiya lau amma ƙasansu ya ciwu, saboda gishirin da ake watsawa a titunan can don narkar da ƙanƙara. Wasu kuma ambaliya ce ta shanye su aka kwaso aka gyara. A ɗaga shimfiɗar ƙafa a shinshina, a duba ko akwai busasshen taɓo a lunguna da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Wadda aka yi aiki da ita a nan gida kuma, ciwonta lodi ne: a duba sifirin na baya ko ya kwanta ko an yi masa ƙari, a tsaya daga nesa a ga ko motar ta karkace gefe guda.

A nan ne ni ma na sami abin yi. Na cire ɗan maganaɗisun da yara suke mannawa a jikin firji na naɗe shi a hankici. A mota ta uku da muka gani, maigida ya tafi da ni, ina bin jikinta da shi a hankali. A ƙofa ya kama, a murfin gaba ya kama, da na zo gefen baya sai ya zame ya faɗi, don a wurin ba ƙarfe ba ne, cikon da masu gyaran jikin mota suke shafawa ne aka bi da fenti. Mai motar da ya rantse ko kaza ba ta taɓa bugewa ba ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke 'yar makaniki ce?" Na ce, "A'a, 'yar mai a-kori-kura ce." Maigida ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Sai gwaji a hanya, shi ma da kaya a bayanta. Mu buhu 8 na yashi muka aro daga masu bulo. A bi titi mai kyau a ba ta wuta, a bi mai gargada, a hau gada, a daɗe ana tafiya ana kallon allurar zafi. In an taka totur injin yana ihu amma mota ba ta ƙara gudu, kuloci ya ƙare. In giya tana fita da kanta, ko an taka birki mota ta ja gefe, ko sitiyari yana rawa, duk a rubuta. Kada a yarda da lambar kilomita da ke gaban direba, ana mayar da ita baya. A dubi robar da ake takawa ta birki da ta kuloci, da sitiyari, da kujerar direba, su ba sa ƙarya. A kuma kula da motar da aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wato sitiyarinmu a hagu yake, to akwai motocin da aka ƙera da shi a dama ake kawowa a juya, in aikin bai yi kyau ba kuwa rai ne a ciki. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, ko da zanensu bai goge ba. In duka huɗun sun tsufa, a cire kuɗinsu daga farashi.

Takardu kuwa, 'yar uwa, wannan aikinki ne, ba ya buƙatar shiga ƙarƙashin mota. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, a buge a jikin casis da kuma wani ɗan faranti a jikin motar. Maigida ya ɗauko hotonta a waya, ke kuma ki zauna da takardu ki bi su harafi-harafi kamar mai duba jarrabawa: takardar kwastan, shaidar mallaka, lasin, inshora, da takardar lafiyar mota. Harafi ɗaya in ya saɓa, a dakata. A je ofishin kwastan a tabbatar an biya kuɗin fito da gaske, musamman da yake a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka yi ta shigo da su ta ɓarauniyar hanya ana buga musu takardun bogi. A bincika wurin 'yan sanda ko ba ta sata ba ce. A ga mai motar ido da ido, a ga katin shaidarsa, a san gidansa, a tabbatar sunansa ne a takarda. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun mai sunan. Duk wanda ya ce akwai mai zuwa da kuɗi gobe, a ce masa Allah Ya ba mai rabo sa'a. Sauri ya haifi nawa.

Kada kuma a zuba duk abin da aka mallaka a ciniki. Kawu ya ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a ajiye, domin motar hannu duk kyanta sai an yi mata juye, an sauya abin da ya gaji, an yi canjin suna a takardu. A yi lissafin mai tun kafin a saya. Mai shan dizal, wanda muke ce wa gas, ta fi ƙarfin jan kaya kuma ta fi tsimin mai, amma gyaran famfonta da nozul yana da tsada, gurɓataccen mai kuma yana saurin kashe su. Mu mai fetur muka zaɓa a ƙarshen 2021, lokacin fetur yana da rangwame. Da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafinmu ya rikice, sai da maigida ya sake zama da abokan cinikinsa aka gyara kuɗin ɗauko kaya. Abin da ya cece mu shi ne ba bashin ruwa a kanmu, kuma motar ba ta kwana a gareji.

Mota bakwai muka gani, ta bakwan muka saya. In kin gan ta ba za ki so a ce taki ce ba. Shuɗiya ce da rana ta cinye fentinta, ga lotsawa a ƙofar hagu. Wani dattijo mai gidan gonar kaji ne da ita, shi ya saye ta da hannunsa, direba ɗaya ne yake tuƙa ta. Tun kafin Kawu ya buɗe baki ya ce mana, "Kulocinta ya kusa, na'urar sanyinta ba ta aiki, tana ɗan yoyon mai ta baya." Ya ɗauko wani tsohon littafi da yake rubuta ranar kowane juye. Kawu ya duba ya ga duk abin da ya faɗa haka yake, bai kuma sami wani abu bayan wannan ba. A hanyar dawowa ya ce mini, "Ɗiyata, wanda ya fara faɗa miki aibin kayansa, shi ne abokin ciniki." Muka yi istihara, muka kwana biyu a kai, sannan muka koma. Aka rubuta yarjejeniya da lambar casis da ta inji, da aibin da ya ambata, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. Ranar da ta iso unguwa ba wanda ya yi sam barka da ƙarfi. Wata maƙwabciyata ma cewa ta yi, "Malama, wannan ai ta farkon ta fi ta kyau." Na ce ƙwarai kuwa.

Saura rubutu ɗaya, wanda ya fi mini wuyar faɗa. Kuɗin mota ta biyu haɗaka ne: ragowar gadona da adashina, da rancen da yayan maigida ya ba shi. Na ce masa ina so mu rubuta nawa ne nawa, nawa ne nasa, da yadda za a raba abin da aka samu. Na ji tsoron zai ɗauka rashin yarda ne. Sai ya ce shi ma abin da yake so ke nan, kunya ce ta hana shi faɗa. Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Dukiyar mace tata ce, in ta ba miji kyauta ta faɗa a fili kyauta ce, in rance ne ko jari a rubuta. Rai ba a hannunmu yake ba, kuma mun sha ganin yadda motar da aka saya da sarƙar mace take shiga cikin gadon miji, ita tana kuka ba ta da shaida. Yanzu duk ƙarshen wata yakan kawo littafin mu zauna bayan isha'i, a cire na mai, a cire na gyara, a ware na ajiya, a raba saura. Wani watan da auki, wani watan sai godiyar Allah. Mun biya yayansa, mun sauya kuloci da tayoyi, motar tana nan tana zuwa Dawanau.

Don haka 'yar uwa, idan maigida ko ɗanki ko ƙaninki ya zo da zancen sayen mota, kuma da guminki a ciki, ba cewa na yi ki ɗaga murya ko ki raina saninsa ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki yi tambayarki da ladabi: wane makaniki ne zai duba, an gan ta da safe, an gwada ta da kaya, ina takardun in duba lambar? Namiji shi ma yana jin nauyin dillali da idon abokai, wani lokaci yana neman wanda zai ce masa a dakata, ya sami abin fakewa. Ni na hana mijina wannan taimako a karon farko, ina ganin kunya nake yi, muka yi shekara guda muna biyan kuɗin shiruna.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman mazajenmu, Ya tsare su daga sharrin ƙarfe da sharrin maha'inta, Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana abin da muke juyawa. Sai wata na gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.